Ranar da aka ce mini katin Baba ya daina aiki

Iyayena da ke zaune a gaba, ina gaishe ku da ladabi. Ƴan uwana matasa, sannunku da zuwa, musamman waɗanda suka hawo kabu-kabu daga Tibiri da Jiratawa cikin wannan rana. Minti ashirin aka ba ni, zan yi ƙoƙari kada in ci lokacin wanda zai biyo bayana.

An ce in yi magana kan inshorar lafiyar tsofaffi, da yadda mutum ke fita daga wani tsari ya koma wani. Na san wasunku da suka ga taken sun ce a ransu, "Mi ya haɗa mu da wanga zance, mu da ko aiki ba mu samu ba?" To bari in tambaye ku. Wa aka taɓa kira da dare aka ce masa, "Tsoho ba shi da lafiya, turo abin da ke hannunka"? Ku ɗaga hannu. Ku duba bayanku, ku gani da idonku. A garin nan, inshorar mafi yawan tsofaffi tana zaune a wannan ɗaki, da wayarta a hannu, tana jiran a kira ta ta ruga Nita.

Mahaifina ya yi shekara 27 yana kula da sito a wani kamfani a nan Maradi. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don abin da ya same mu yana iya samun kowa a ko'ina. Kamfanin ya yi wa ma'aikatansa inshora ta rukuni, aka ba Baba kati mai hotonsa. Idan ya je farmasi, kashi 20 cikin 100 yake biya, inshora ta biya sauran. Yana da hawan jini da ciwon sukari, maganinsa na wata kan kai jika 30, shi kuwa jika 6 yake fitarwa. Mu ƴaƴansa ba mu taɓa sanin kuɗin maganin ba. Mun dai san cewa Baba "yana da kati".

Ƙarshen watan Disamba ya yi ritaya. Aka yi walima, aka ba shi agogon bango da darduma, aka ɗauki hotuna. Cikin Janairu ya aike ni farmasi da takardar magani da katin. Yarinyar da ke kanta ta danna kwamfuta, ta sake dannawa, ta ɗago ta ce, "Malam, katin nan an rufe shi." Na nuna mata ranar da ke jikin katin, wadda ta ce sai ƙarshen Maris. Ta ce ranar da ke jikin kati ta kwangilar kamfani ce, shi kuwa mai katin an cire sunansa daga jerin ma'aikata tun ranar da ya ajiye aiki. Jika 10 ke aljihuna. Na sayi abin da ya samu, na kawo gida, na gaya wa Baba. Ya ce, "Ba komi, Allah na nan."

Abin da ban sani ba shi ne abin da ya yi bayan haka. Fanshonsa bai fara fitowa ba, ana kan haɗa takardu, kuma Baba mutum ne da bai iya roƙon ɗansa ba. Sai ya fara raba ƙwaya biyu. Daga nan ya koma sha sai ranar da kansa ya yi ciwo. Hawan jini kuwa ba ya sallama kafin ya shigo, mutum na iya yawo da shi shekaru bai ji komai ba. Wata safiya cikin Afrilu, lokacin da zafi ya kai zafi, Inna ta same shi kwance kusa da buta, bakinsa ya karkace. Kwana 11 muka yi a asibiti. Sai da muka sayar da san da muke kiwo a Tibiri wurin Gwaggo, muka haɗa da bashi. Alhamdu lillahi Baba na raye, yana magana, yana zuwa masallaci da sanda, amma hannunsa na hagu bai dawo ba har yau.

Na daɗe ina jin haushin kamfanin da kamfanin inshorar. Daga baya na zauna na karanta kwangilar, na ga komai a rubuce yake. Mun san ranar ritayarsa shekara guda kafin ta zo. Mun yi shawarar ragon walima, mun yi shawarar anko, amma babu ɗaya a cikinmu da ya tambaya: ran 1 ga Janairu, wa zai biya maganin Baba?

Yanzu bari in gaya muku abin da na koya a yawon da na yi bayan haka, don na sha yawo.

Da farko na tafi da tunanin cewa tunda an yi shekaru ana cire masa kuɗin CNSS, ai lafiyarsa na cikin lissafi. Mutane da yawa haka suke zato. CNSS abu uku take riƙe da su: kuɗin iyali, haɗarin aiki da cututtukan da aiki ke jawowa, sai fansho. Tana da wuraren duba marasa lafiya nata, amma ba ta da reshen inshorar rashin lafiya da zai biya wa tsohon ma'aikaci maganin sukari kowane wata. Ma'aikacin gwamnati hanyarsa daban ce. Yana aiki, akwai takardar ɗaukar nauyi da ke rage masa kaso mai yawa na kuɗin kwanciya da gwaje-gwaje a asibitin gwamnati. Idan ya yi ritaya, takardunsa na komawa CARENI, asusun fanshon ma'aikatan gwamnati. Duk wanda mahaifinsa mushe ne ko ma'aikacin wata ma'aikata kuma ritayarsa ta kusa, ya raka shi tun yanzu su tambaya: bayan ritaya ina ake karɓar takardar ɗaukar nauyi, me take biya, kuma a watannin da ke tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko, me mutum zai riƙe a hannu?

Sai muka ce to, ƙanwata tana aiki da wata ƙungiya a Yamai, tana da inshora mai kyau, a sa Baba a ciki. Aka ce mata kwangilar ta ma'aikaci ce da mijinta ko matarsa da ƴaƴansu. Iyaye ba sa ciki. Ku lura da wannan da kyau. An tsara takardun bisa gidan da ke da miji da mata da yara, mu kuwa gidajenmu akwai tsoho da tsohuwa, wani lokaci har da kaka. Ranar da Allah ya ba ɗayanku aiki mai inshora, kafin ya sa hannu ya tambaya ko ana iya ƙara iyaye ko da da ƙarin kuɗi ne. Wasu kwangilolin na yarda idan an nema tun farko. Idan kuna da sandika a wurin aiki, wannan magana ce ta kai mata, don abin da mutum ɗaya ya roƙa aka hana shi, mutum hamsin na iya samunsa a teburin sabunta kwangila.

Daga nan na je neman inshora ta mutum ɗaya, wadda za mu biya da kanmu. A nan ne idona ya buɗe. Aka miƙo mini takardar tambayoyi: shekarunsa nawa, yana da hawan jini, yana da sukari, an taɓa kwantar da shi? Wuri na farko suna jin shekarunsa suka ce ya wuce iyakar da suke karɓar sabon mutum. Wuri na biyu suka ce za su karɓe shi, amma duk ciwon da ya shigo da shi ba ya cikin lissafi. Wato za su biya idan ya karye a ƙafa, amma hawan jini da sukari da duk abin da suka haifar, namu ne. Ga kuma lokacin jira: ka biya yau, amma sai bayan wasu watanni za ka fara cin moriyar wasu ayyukan. Ga rufi, wato iyakar abin da za su biya a shekara, wanda kwanciya ɗaya mai tsanani ke iya cinyewa. Ga bambanci tsakanin katin da kake nunawa a biya maka nan take, da tsarin da kai za ka biya ka kai rasit ka jira a mayar maka. Ga mai ɗan fansho, wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

Zan faɗi wani abu da ba na alfahari da shi. Ina riƙe da biro, na yi niyyar rubuta "a'a" a gaban hawan jini. Wani abokina a fada ma ya ce, "Kai dai rubuta, wa zai bincika?" Wani dattijo da ya daɗe a harkar ne ya hana ni. Nijar na cikin ƙasashen da ke bin dokar inshora ta CIMA, wadda ta fito daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992. Sashe na 18 na dokar ya ce idan mutum ya ɓoye gaskiya da gangan, kwangilar ta rushe, kuma kuɗin da ya riga ya biya sun zama na kamfani. Likitan kamfani kuwa yana duba takardun asibiti ya ga ciwon ya shekara goma. Ka yi ƙarya, ka yi asarar kuɗi, kuma ranar da kake buƙata ka tashi a tutar babu. Sashe na 13 kuma, tun gyaran 2011, ya ce inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Saboda haka "na cike takarda, zan kawo kuɗin ƙarshen wata" ba kariya ba ce. Wanda zai bar wani tsari ya koma wani, kada ya saki na farko sai ya ga ranar fara aikin na biyu a rubuce, ya kuma lissafa watannin jira a kai. Kada a saki reshe a kama ganye.

Dalilin duk wannan tsauri ba boyayye ba ne. Inshora tukunya ce da masu lafiya da yawa ke zubawa, marasa lafiya kaɗan su ɗiba. A kwangilar kamfani, Baba na cikin tukunya ɗaya da samari ƴan shekara 25 da ba sa zuwa likita, shi ya sa babu wanda ya tambaye shi sukarinsa. Ranar da ya fito shi kaɗai, sai aka auna shi shi kaɗai. Da ya nemi ci gaba da kamfanin inshorar da ya riga ya san shi tun kafin sunansa ya fita daga jeri, da aƙalla akwai abin tattaunawa. Mu mun je bayan ƙofa ta rufe, kuma bayan ciwo ya riga ya kwantar da shi.

Kada ku ɗauka wannan matsalar talakan Nijar ce kaɗai. A Amurka akwai Medicare tun 1965, inshorar gwamnati ga wanda ya kai shekara 65. Duk da haka tsofaffinsu na faɗawa irin wannan rami. Akwai ƙarin inshora da ke cike giɓin abin da gwamnati ba ta biya, kuma an ba mutum wata 6 na farko ya saye ta ba tare da an tambaye shi ciwonsa ba. Idan ya bari wa'adin ya wuce, ko ya koma wani tsarin kamfani na shekaru sannan ya so dawowa, a yawancin jihohinsu kamfani na iya ƙin sa ko ya tsauwala masa kuɗi. Ƙasa mai arziki ke nan.

Maƙwabtanmu kuwa wasu sun gwada toshe ramin daga sama. Mali ta kafa inshorar dole ta AMO da dokar 2009, kuma masu fansho na cikinta, ana cire musu wani abu daga fansho, katinsu bai mutuwa ranar ritaya. A Gana, tsarin inshorar ƙasa da aka kafa a 2003 ya yafe wa wanda ya kai shekara 70 kuɗin shekara. Senegal ta fito da Plan Sésame a 2006, kyautar magani ga ƴan shekara 60 zuwa sama, sai dai ta sha fama da bashin da asibitoci ke bin gwamnati, har wasu suka riƙa ja da baya wajen karɓar tsofaffin. Mu ma mun san wannan ciwon, don kyautar maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da aka fara a nan a 2006 ta yi fama da jinkirin biyan asibitoci. Ni a ganina, idan za mu nemi wani abu ga hukuma, hanyar Mali ta fi kusa da hannu: wanda ya yi aiki da kati, ya tafi ritaya da katinsa. Waɗanda suka haura shekara 60 a ƙasar nan ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, kusan rabinmu kuwa yara ne ƴan ƙasa da 15. Shi ya sa idan ana zancen lafiya, uwa da jariri ake fara kira, kuma daidai ne. Amma tsofaffin ba su da yawan da za a ce ɗaukarsu ya gagara.

Na san akwai masu cewa a ransu, "Kai Babanka ma ya taɓa riƙe kati." Gaskiya ne. Gwaggona ta Tibiri ba ta taɓa ganin katin inshora ba. Kawuna na Jiratawa, mai lambun zogale a fadama, haka. Amma su ma suna sauya tsari, ba a dai rubuta shi a takarda. Gwaggo, mijinta na raye, shi ne mai biya. Da ya rasu, nauyin ya koma kan awakinta da asusun matan unguwa. Irin asusun nan na Mata Masu Dubara, wanda CARE ta fara a jihar Maradi a 1991 kafin ya bazu ƙasashe da yawa, yana da ƙaramin akwati na taimako baya ga na adashe. Ya fitar da ita kunya sau biyu. Amma da ƙafa ta hana ta zuwa taron mako, zubinta ya tsaya, sai ta wayi gari ba ta cikin lissafi. Daga miji zuwa asusu, daga asusu zuwa ƴaƴa, kuma a kowace gaɓa akwai watannin da babu mai riƙe da ita.

Kawu kuwa, da na kai masa zancen asusun lafiya na haɗin gwiwa, irin wanda ake kira mutuwel da Faransanci, sai ya ce, "Mutuwa? Ɗana, ni da raina za ka sa ni cikin mutuwa?" Muka yi dariya, amma da muka natsu ya faɗi ainihin damuwarsa: yana jin inshora kamar caca ce, ka zuba kuɗi kan abin da ba ka sani ba. Wannan tambaya ce ta malamai, ni ba malami ba ne. Abin da na gaya masa shi ne akwai tsarin takaful, wanda aka fara a Sudan a 1979, inda abin da kowa ya zuba gudummawa ce ga ƴan uwansa, kuma asusun unguwa da membobi ke riƙe da kansu ya fi kama da wannan. Ya ce in haka ne ai gayya ce. Na ce to, gayyar magani. Sai dai ko irin wannan asusu, a tambaya kafin a shiga: yana tsayawa a CSI ne, ko yana bin mutum idan an tura shi babban asibiti a Maradi? Ƙananan asusu da yawa ƙarfinsu bai wuce zazzaɓi da ƙaramin ciwo ba, ciwon tsufa kuwa na kowane wata ne.

Abu biyu da ya kamata kowa ya sani, mai kati da marar kati. Tun 1 ga Satumba 2024 an rage rabin kuɗin ayyuka a asibitocin gwamnati, ganin likita da gwaji da kwanciya da tiyata, an kuma soke jika 150 da ake biya kafin a fara wankin ƙoda. Sauƙi ne na gaske, amma bai shafi abin da za ka saya a farmasin ɗan kasuwa ba, kuma a nan ne kuɗin mai hawan jini ke tafiya. Na biyu, manyan asibitoci na da ofishin jin ƙai, kuma akwai takardar shaidar rashin galihu da ake nema ta ma'aikatar magajin gari. Ba abin kunya ba ne. A nemo ta tun tsoho na kan ƙafarsa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu a gidanmu, ga inda muka tsaya. Mu biyar ne. Kowa na turo abin da aka yanka masa ran 5 ga wata, ƙanwata ta Yamai ta fi kowa, autanmu ɗalibi jika ɗaya, don kada ya ce ba da shi ba. Kuɗin na hannun yayarmu, da littafi, kuma ba a taɓa su don biki ko suna. Ba zan ce muku babu rigima ba: wanmu da ke Agadas ya yi wata uku bai turo ba, sai da Inna ta sa baki. Mun koma wurin likita muka roƙe shi ya rubuta maganin da sunansa na asali, amlodipine da metformin, maimakon sunan kamfani, muka koma sayensa a farmasin gwamnati. Kuɗin wata ya sauko ƙasa da rabi. Ba mu sauya ƙwaya ko ɗaya da kanmu ba, kuma mun hana Baba sayen na masu talla a faranti. Mun sayi na'urar awon jini, autanmu ke auna shi Litinin da Alhamis ya rubuta. Kuma ni da kaina nake ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwali, tunda na san halin mutumina.

Har yanzu tsohon katin na cikin walat ɗinsa, bayan katin ɗan ƙasa. Na ce ya jefar, ya ce hoton ya yi kyau.

Na ga mai riƙe da lokaci na ɗaga mini hannu. Na zo da kwafin takardar tambayoyin da kamfanonin inshora ke bayarwa, na goge sunan kamfanin, da kwafin shafin littafin asusunmu na gida. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke shirin ritaya bana ko baɗi, ya same ni a bakin ƙofa bayan sallar la'asar mu duba tare.